Mawaƙi ya ce ko in biya shi ko in ba shi lambobin kwastomomina

Mai Turi, Gusau

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara, musamman daga manya da waɗanda suka san doka.

Sana'ata turi. Ina da ɗan shago a Sabon Garin Gusau: kwamfuta ɗaya, rumbun ajiya uku, allon caji da ƙaramin janareta. Ka kawo waya ko memori in zuba maka waƙoƙi, wa'azi, karatun Alƙur'ani, fassarar fim ɗin Indiya, ko shirin nan mai dogon zango da matan gida ba sa bari ya wuce su. Waƙa goma naira ɗari, in kuma cika memori ne sai mu yi ciniki. Masu zuwa wurina yawanci ba masu sayen data ba ne. 'Yan kabu-kabu ne, masu shayi, mutanen ƙauye da suka shigo cin kasuwa, sai yaran da ake aikowa daga cikin gida da waya a leda da 'yar takarda an rubuta abin da ake so. Tun da aka ƙara kuɗin kira da data a farkon 2025 ma ciniki ya ɗan ƙaru, don wanda a da yake kallo a YouTube yanzu lissafi yake yi.

Akwai wani yaro mawaƙi ɗan garin nan, ba zan kama suna ba. Waƙarsa ta biki ta karɓu sosai bayan ƙaramar salla, duk gidan da ake kamu ko wuni sai ka ji ta. Ya zo shagona da abokinsa, muka gaisa cikin mutunci, ya ce in nuna masa abin da nake da shi nasa. Na buɗe masa. Abin da ya tayar masa da hankali, a ciki har da wata waƙa da bai sake ta ba tukuna, ko gyaran murya ba a gama ba. Ni kuwa wallahi wani kwastoma ne ya turo min ita ta Xender, manhajar tura kaya daga waya zuwa waya ba data.

Sai ya ajiye min zaɓi biyu. Ko in riƙa ba shi wani abu duk wata, ko in ba shi lambobin mutanena. Ina da littafi da nake rubuta sunan duk wanda ya bar waya caji, da lambarsa, da unguwa ko ƙauyen da ya fito, saboda rigimar "ba wannan ce wayata ba". Ina kuma da zauren WhatsApp da nake sanar da sabon kaya. Ya ce in ya samu lambobin zai riƙa tura musu tallar wasansa da sababbin waƙoƙi, shi ke nan an rabu. Abokin nasa ya ƙara da cewa akwai yaron wani ɗan siyasa da ke sayen lambobi, za a iya raba kuɗin da ni. Da na yi shiru, sai suka ce to in sani mawaƙa na shirin haɗa kai su zagaya shagunan turi da jami'ai, a duba kwamfutoci, har wayoyin da ke kan caji a buɗe a gani.

Ni ban ɗauki kaina ɓarawo ba. Shekarun baya mawaƙa da ƙafarsu suke kawo mana waƙa a filash, suna roƙo mu sa wa mutane, wani har ya ba ka na fetur. Wannan yaron ma, lokacin da ba wanda ya san shi, ni nake ɗora waƙarsa gyara, mutum ya sayi goma ta manyan mawaƙa in ƙara masa ɗaya. Ta ina ƙauyukan Bunguɗu da Maru suka san sunansa in ba ta irin shagona ba? Yau da ya yi suna ne na zama mai satar fasaha? Amma kuma da ya faɗi abin da ya kashe a situdiyo jikina ya yi sanyi, don ni ko sisi ban zuba ba, kuma ina karɓar kuɗi a kanta.

To haƙƙinsa na kaina ko babu? In yana kaina, ba da lambobin zai sauke shi? Zuciyata dai ba ta kwanta ba, ko da yake ba kuɗin kowa zan ɗauka ba, saƙo ne kawai zai shiga wayarsu, kuma dama kullum saƙonnin banza na shiga. Sai batun buɗe wayoyin mutane: akwai wanda ke da wannan ikon?

Baba Mai Kaset, Talata Mafara

Wa alaikumus salam. Yaro, na riga ka shiga wagga sana'a, sai dai mu kaset munka sani. Rikoda mai baki biyu, ka sa na asali hagu, ka sa sabo dama, ka danna, ka zauna jiran minti sittin ko casa'in. In anka yi kwafi bisa kwafi har sau uku, murya ta dushe, kotso ya koma kamar ana daka cikin rami. Dole wani ya koma neman na asali. Ku naku ba ya dushewa, na dubu daidai yake da na farko. Nan bambancinmu yake.

Kuma makaɗan da munka kwafa ba da kaset suke ci ba. Irin su marigayi Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu 1991, makaɗan fada ne, suna da iyayen gida. Sarki ko attajiri shi ba da doki, riga, hatsi, mota, wani har kujerar Makka. Kaset sai dai shi kai sunansu inda ƙafarsu ba ta kai ba, shi ya sa ban taɓa ganin makaɗi yaz zo shagona da faɗa ba. Da yawan waƙoƙin ma daga rediyo anka ɗauko su, ko wurin naɗin sarauta wani ya aje rikoda gaban makaɗa.

Yaron da yaz zo maka ba shi da sarki. Shi ya biya mai kiɗa, shi ya biya 'yan amshi. Kada ka auna shi da mudun mutanen da. Mun ga abin da ya samu 'yan fim na Kano: lokacin da Ƙofar Wambai ke cike da faifai, mai fim shina sayar da kayansa shi maida kuɗinsa. Da turi yaz zo, faifai ya mutu, diloli sunka watse, sai YouTube ta kwashi sauran. Ba ku kaɗai kunka kashe kasuwar ba, amma da hannunku ciki.

Gyaran da kake cewa ka yi mashi gaskiya ne, ka taimake shi. Amma wancan lokacin bai hana ba. Yau ya zo da bakinsa ya ce bai yarda ba, kuma daga ranar da mai abu ya ce a'a magana ta sake. Ku zauna ku daidaita, ko kaɗan ne. Waccan da ba ta fita ba kuwa, goge ta yau, kada ka kai gobe.

Littafi kuma, kul. Wanda ya ba ka lambarsa, don kada wayarsa ta ɓace ya ba ka. Ba a biyan bashi da kayan ajiya.

Malama, Birnin Kebbi

Baba Allah ya ƙara girma, ka gama magana a kan waƙa. Ni kan littafin nan zan tsaya, don ƙanena na ga kamar ka raina abin da kake cewa saƙo ne kawai.

Ni malamar firamare ce. Wata rana muna ofishin malamai wayoyinmu suka yi ƙara kusan tare, saƙo iri ɗaya: wai wata abokiyar aikinmu ɓarauniya ce, ta ci bashi ta gudu, duk wanda ya san ta ya gaya mata. Ashe rance ta karɓa a wata manhajar bashi, kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, manhajar ta kwashe duk lambobin da ke wayarta. Har surukarta sai da saƙon ya je wa. Baiwar Allah nan ta yi makonni ba ta iya haɗa ido da kowa. Irin wannan ta'asa ce ta sa Google ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023. Su ma ai saƙo ne kawai suka tura.

Kuma lamba in ta fita ba ta dawowa. Yau mawaƙi, gobe yaron ɗan siyasa, jibi wanda zai kira tsohuwa ya ce daga banki yake, an rufe BVN ɗinta, ta karanto masa lambobin da suka shigo. Ɗan damfarar da ya kira ka da sunanka, ya ambaci ƙauyenku, da wuya ka kashe masa waya. Ka ce yara ake aikowa daga cikin gida; wato da yawan lambobin littafinka na matan aure ne da 'yan mata. Ka san abin da kiran baƙon namiji da dare ke jawowa a gidan aure. Ban ma zo kan babban ba: suna, lamba da ƙauye a takarda ɗaya, a Zamfara, a zamanin da ake ɗauke mutum a kira 'yan'uwansa a waya. Wa ya san hannun da takardar za ta faɗa? Da ni ce kai, ko mawaƙi bai zo ba, zan daina rubuta ƙauyen mutane.

Ga masu fama da saƙonnin talla, tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa ta fitar da lambar 2442. Ka rubuta STOP ka tura mata, kyauta ne, a kowane layi. Na yi, kuma irin su "danna ɗaya ka sa waƙa a kiranka" sun ragu ƙwarai. In ana cire maka kuɗi kan abin da ba ka nema ba, ka fara kai kuka wurin kamfanin layinka, in ba a yi komai ba ka kira hukumar a 622. Sai dai 2442 ba ta tare ɗan damfara mai layi irin nawa da naka, ba ta kuma shiga WhatsApp. Can ba abin da ya rage sai kada lambar ta fita tun farko.

Mai Situdiyo, Ƙauran Namoda

Ni ban zo lallashi ba. Ina da situdiyo, ni nake buga kiɗa ina haɗa murya, kuma abin da ake mana ya isa.

Malam Mai Turi, kana cewa ka tallata shi. To talla ake zubawa a janareta? Waƙa ɗaya sai a kwana a kanta: a tsara kiɗa a fiyano, a ɗauki murya, a kira mai amshi a biya ta, a tace. Wuta ba ta tsayawa, fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda yake. Yaro ya sayar da akuyar uwarsa ya biya mu rabi, ya ce sauran in waƙa ta fita. Waƙa ta fita, ta zaga Zamfara da Sakkwato har Maraɗi, kowa na rawa, shi ko na kabu-kabu babu, mu ma cikon kuɗinmu ya bi ruwa. Kai kuma da ka danna kwafi kawai, ka ci naira goma a kanta sau ɗari nawa?

Masu cewa ya sa a YouTube ya ci kuɗi, ku sani kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Duk wayar da aka zuba wa waƙar a shago, kallo ne da ba zai taɓa shiga lissafi ba. Ga Audiomack ga Boomplay, amma mutanenmu nawa ke saurare a can? Abin da ya rage wa mawaƙi biki ne da siyasa. Sai ku dawo kuna zagin mawaƙan yanzu wai ba su da aiki sai wasa ɗan takara da yi wa abokin hamayyarsa habaici. To wa ya bar musu wata hanyar cin abinci? Mai son waƙa mai ma'ana bai taɓa biyan sisi don ita ba, ɗan siyasa kuwa lakadan yake biya.

Batun lambobi ban goyi bayan yaron ba, wannan wauta ce da rashin mai ba shi shawara. Amma zagayen shaguna da ni za a yi. A duba kwamfuta, a duba wayoyin ma in ta kama. Wanda bai ɗauki kayan kowa ba me zai ji tsoro? Kullum aka taso da gyara sai a ce 'yanci, 'yanci. Mu namu 'yancin na cin guminmu fa?

Ɗan Argungu mai karatun lauya

Yayana Mai Situdiyo, zafinka na da dalili, kuma doka ta fi goya maka baya fiye da yadda kake zato.

Dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ita ta maye gurbin ta 1988. A cikinta laifi ne a kwafi waƙa a sayar ba tare da izinin mai ita ba, ko a faifai ko a memori, kuma ba sai mawaƙi ya yi rajista ba kafin haƙƙinsa ya tabbata. Haƙƙin waƙa na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato ko makaɗan da Baba ya ambata magadansu na da ta cewa. Jami'an hukumar kare haƙƙin mallaka na da ikon shiga wurin sana'ar da suke zargin ana satar fasaha su duba. Don haka Malam Mai Turi, kwamfutar shagonka za a iya duba ta. Amma jami'an hukumar nake nufi, ba taron mawaƙa da 'yan rakiya ba.

Wayar kwastoma da ke kan caji zancenta daban. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Ba a buɗe wayar mutum don kawai a leƙa ko akwai waƙa. Lambobin littafi kuma, dokar kare bayanan jama'a ta Yuni 2023 ta ce abin da ka karɓa don wata manufa ba ka juya shi ga wata sai da yardar mai shi. Maganar Baba ce dai, aka sa mata lambar sashe.

Inda muka rabu da kai, yayana, shi ne wai marar laifi me zai ji tsoro. An gwada wannan hanyar a Amurka. Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, ta fito a 1999, shari'a ta durƙusar da ita a 2001, mutane suka koma wasu manhajojin. Daga 2003 kamfanonin waƙa suka koma maka ɗaiɗaikun mutane a kotu, dubbai, har da ɗalibai. Wata mata a jihar Minnesota aka yanke mata dala 222,000 a 2007 kan waƙa 24. A 2005 kamfanin waƙa na Sony BMG ya saki faifan da ke dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutar wanda ya saya da kuɗinsa, wai don hana kwafi, manhajar ta zama hanyar masu kutse, sai da aka janye faifan daga kasuwa. Ka ga wanda ya saya da halaliyarsa shi ya sha wahala. Duk wannan bai kashe kwafi ba. Abin da ya rage shi, saye ne ya zo ya fi sata sauƙi: iTunes ta sayar da waƙa ɗaya ƙasa da dala guda, daga baya Spotify ta zo da biyan wata.

Mu ma nan mun gani. Tun Disamba 2020 aka ce a haɗa layi da NIN don a gane masu laifi, a Afrilu 2022 aka toshe kiran layuka sama da miliyan 70, har yau kiran 'yan damfara bai tsaya ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi shi da sunan hana cin zarafi, ya koma abin kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Ku kuma a Zamfara, a farkon Satumba 2021 aka kashe sabis na jiha gaba ɗaya saboda tsaro. Ban ce duk ba hujja ba. Sashe na 45 ya ba gwamnati damar taƙaita 'yanci don tsaron jama'a, kuma mutanen da ake kashewa a ƙauyuka su ma suna da haƙƙi. Amma in ya zama al'ada a riƙa buɗe wayar mutum saboda waƙarka, wanda zai biyo bayanka ba waƙa zai nema ba. Kuma ka fi ni sani, mawaƙa na cikin waɗanda ake fara nema in baiti ya taɓa mai mulki.

Mai Turi, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na goge waccan waƙar, na kuma kira wanda ya turo min ita, ya ce shi ma wurin wani yaron situdiyo ya samu. Don haka Malam Mai Situdiyo, in za a fara zagaye a fara ta gida.

Ɗan Argungu ya tuna min 2021. Ku na Kebbi labari kuka ji. Mu muka wayi gari waya ta zama fitila da rediyo. Masu POS suka rufe, mai ɗa a makaranta a wani gari bai san halin da yake ciki ba, mutum ya hau mota har Funtuwa don ya yi kira ɗaya ya ga ko kuɗin da aka turo masa sun shigo. Mu masu turi kuɗin mota muke haɗawa, mutum ɗaya ya tafi da rumbu ya sauko da sabon kaya, ya dawo mu raba. Ban taɓa ganin layi a shagona irin na lokacin ba. Kuma ba waƙa kaɗai ake nema ba: bidiyon labarai, wa'azi, har saƙon murya da wani ya ba direba a memori ya kawo wa iyalinsa, a zo wurina a zuba a waya. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, wasu ƙananan hukumomi suka daɗe bayanmu. A makonnin nan abin da ya riƙe gari shi ne Bluetooth da Xender da memori daga hannu zuwa hannu, abin da ba ya bi ta eriyar kowa balle a kashe shi. Shi ya sa in na ji ana cewa a kawar da mu kowa ya koma intanet, sai in ce mai maganar bai taɓa ganin an kashe intanet ɗin ba ne.

Wannan bai wanke ni daga haƙƙin yaron ba. Ga abin da zan kai masa. Duk sabuwar waƙa ya kawo min da hannunsa kafin ta zaga, in biya shi kuɗi dunƙule sau ɗaya, mu rubuta a takarda da shaidu biyu. Tallarsa ni zan sa a zaurena da kaina in yana da wasa, wanda ba ya so ya wuce. Lamba ko ɗaya ba za ta fita ba. Littafin caji kuwa, Malama kin tsorata ni. Na sa a yanko min 'yan katuna masu lamba bibbiyu, ɗaya a manne a waya, ɗaya a hannun mai ita.

Inda na maƙale, mawaƙan da ke rumbuna sun fi ɗari, na Kano, na Kaduna, na Nijar, ga Indiya. In kowa zan biya dunƙule gara in rufe in koma sayar da rake. In da za a samu masu turi na gari guda mu riƙa zuba wani abu duk wata wuri ɗaya a raba wa mawaƙa, ni zan fara sa hannu, in dai an san wanda zai riƙe kuɗin.

Ɗan Argungu mai karatun lauya

Abin da ka kwatanta akwai irinsa. Ƙungiyoyi kamar MCSN da ke Legas aikinsu ke nan, su karɓi kuɗi daga gidajen rediyo da otal-otal su raba wa mambobinsu. Sai dai doka ta ce mai irin wannan aikin sai da amincewar hukumar haƙƙin mallaka, don haka kada wani ya buga rasit kawai ya fara zagaye yana karɓa da sunan mawaƙa.

Mai Situdiyo, Ƙauran Namoda

Maganar yaron situdiyo ta shige ni, zan titsiye nawa, don ba yau aka fara ba. Amma dunƙulen nan nawa ne? Kada ka miƙa masa dubu biyu ka ce an rabu. Ka ƙiyasta wayoyin da ka zuba wa waƙar bikin nan tun bayan salla, ka ba shi kashi ɗaya cikin uku na abin da ta kawo, sannan a yi maganar na gaba. Asusun wata-wata kuma, ku masu turi na Gusau ku fara zama ku san yawanku, mu ma za mu tara namu. Ranar Juma'a ina shigowa gari sayen igiyar makirfo, in kana shago zan biyo bayan masallaci mu yi lissafin a gaban yaron. Wayoyin caji na janye. Kwamfuta kuwa ban janye ba.